Tafinta Ya Kai 'Yan Kasuwa Ƙasar Sin

Duk wanda ya taɓa zama a shagon askin da ke bakin kasuwa, ko na minti goma ne, ya san Tafinta ya iya Sinanci. Ba don ya ji shi yana yi ba. Tafinta ne ya faɗa masa, ya maimaita, ya kuma raka shi har bakin ƙofa da ƙarin bayani.

Asalin maganar, shekara tara da suka wuce ya yi aikin wata bakwai a wani kamfanin gina hanya, shi ke riƙe da makullin sito. Injiniyoyin wurin Sinawa ne. Da safe in ya buɗe ƙofa sai ya ce "ni hawu", da yamma in an miƙo masa makulli ya ce "shiye-shiye". Tsakanin waɗannan biyu ya tsinci wasu kalmomi tara, jimla sha ɗaya ke nan. Da aikin ya ƙare sai ya buɗe shagon buga takardu jikin shagon mai aski, ya raɗa wa kansa suna Tafinta, sunan kuwa ya zauna daram.

Mai aski kan miƙo masa kwalin sabon injin aski ya ce, "Tafinta, me suka rubuta a nan?"

Sai ya ɗaga kwalin, ya karkata kai, ya motsa leɓe, sannan ya ce, "Cewa suka yi a kiyaye, kada ya faɗa hannun wanda bai iya aski ba."

"To ai a kife ka riƙe shi."

"Nasu ta kowane ɓangare karantuwa yake. Ba irin naku ba ne."

Ana nan, sai ƙungiyar 'yan kasuwa ta kira taro. Shugabanta, wani Alhaji mai sayar da tayil, ya ce an gaji da dillalai. Bana za a tura mutum uku ƙasar Sin su ga masana'antu da idonsu: Hajiya mai labule, da Mai Madubi, da Dogo mai kayan gyaran babur. Amma kafin su tafi sai sun koyi ko da gaisuwa da ciniki. Wanda ya koyar da su, da shi za a tafi a matsayin mai fassara.

Wani ya ce a nemo malami daga jami'a. Kafin ya rufe baki Tafinta ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, malamin jami'a allo da alli zai kawo muku. Wannan karatun mutanen da ne. Ni ƙasar zan kai su."

"Da wane jirgin?"

"Ba jirgi, ba biza, ba jiran layi. Akwai duniya a cikin na'ura, ranka ya daɗe. Mutum ya sa tabarau, sai ga shi tsakiyar birninsu, yana tafiya yana magana da mutanen garin, mutane na gaske, suna zaune a gidajensu yana zaune a nasa. Ka ba ni sati shida. In Dogo bai fara mafarki da Sinanci ba, ka cire mini suna."

Dogo ya ce, "Ni ko da Hausa ba na mafarki."

Aka yi dariya, amma Shugaba ya amince. Tafinta ya fito yana jin sanyin cikin jirgi tun daga lokacin.

Tabarau ɗin kuwa yana da su har huɗu. Ƙanin matarsa ne ya rufe shagon wasan na'ura ya kawo ajiya, suna cikin kwali a saman kabad shekara guda ba wanda ya taɓa su. Manya-manya ne, masu rufe fuska daga goshi har hanci, kowanne da 'yan sanduna biyu da ake riƙewa a hannu.

Matarsa malamar lissafi ce a sakandare. Tana zaune a falo tana duba takardun jarrabawa ya sauko da kwalin.

"Maigida, tsakaninka da Allah, ka iya yaren nan?"

"Malama, wata bakwai na yi da su."

"Ni shekara sha biyar na yi da kai, har yau ban gane me kake nufi ba in ka ce kana hanya."

Bai kula ta ba. Ya zura kai cikin tabarau, ya danna maɓalli. Nan take falo ya ɓace, ya tsinci kansa a wani dogon zaure mai ƙofofi jere, kowace ƙofa ta wani harshe ce, da rubutunta a sama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Uku daga ciki rubutunsu duk ya yi masa kama da na jikin buhunan siminti na kamfani. Ya zaɓi wadda rubutunta ya fi tsabta, mai 'yan da'irori da sanduna, ya ce a ransa wannan ce ta masu ilimi.

Kafin ƙofar ta buɗe, na'urar ta nemi ya zaɓi siffar da zai shiga da ita. Yana neman wani mutum mai kwat da jaka, sai hannunsa ya zame. Da ya duba ƙasa, maimakon takalmi sai ya ga faffaɗan ƙafafu ruwan lemo. Ya ɗaga hannu, ya ga fuka-fuki. Ya zama farar agwagwa, ƙatuwa, da 'yar hular matuƙin jirgin ruwa a ka.

Ya danna nan, ya danna can. Agwagwar ta yi rawa. Ya sake dannawa da ƙarfi, ta kwanta ta tashi. Ya kai hannu sama zai kamo wani rubutu da ke yawo, sai ji ya yi ƙwas! Fankar falo ta gaisa da yatsunsa.

Malama ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Har an iso ƙasar Sin ɗin?"

Darasin farko a siton Mai Madubi aka yi shi, don nan ne ke da fili da wutar lantarki. Madubai jingine da bango hagu da dama, wasu sun fi mutum tsawo. Tafinta ya zo da yatsu biyu a naɗe, ya sa wa kowa tabarau, ya zaɓa musu siffofi na mutane, suka shiga.

Sai ga su a wata kasuwa mai rufi, fitilu ko'ina, ga rumfunan kifi da na yadi da na 'ya'yan itace. Hajiya mai labule ta ce, "Ikon Allah!" Mai Madubi ya yi ta juya kai. Dogo ne ya fara lura.

"Malam, wata agwagwa na bin mu."

"Ni ne."

Hajiya ta ce, "Malam, lafiya dai?"

"A can haka manyan malamai ke shiga, Hajiya. Ba kowa ake ba wa ba. Sai an gwada iliminka na'urar ke ba ka."

Suka nufi rumfar yadi. Wata tsohuwa ce a wurin, mai furfura da ƙaramin gilashi, irin masu sa kai su zauna don su yi hira da masu koyon harshensu. Agwagwa ta matsa gaba, ta buɗe fuka-fuki, ta ce da ƙarfi, "Ni hawu!"

Tsohuwar ta dube ta, ta rufe baki da hannu, ta yi dariya har kafaɗunta na rawa. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Annyong haseyo."

Cikin kalmomin Tafinta sha ɗaya babu mai kama da wannan ko daga nesa. Amma bakinsa bai taɓa jiran kansa ba.

"Kun ji ko? Wannan karin harshen kudu ne. Ni na arewa na fi ƙwarewa, amma duk ina ji."

Hajiya ta ce, "Me ta ce?"

"Cewa ta yi ta daɗe ba ta ji Sinanci mai daɗi irin nawa ba."

"Duk a cikin kalma biyun nan?"

"Yarensu a dunƙule yake, Hajiya."

Tsohuwar ta nuna shi da yatsa ta ce wani abu mai tsawo, a ciki har sau uku ta ce "ori". Tafinta ya ce "ori" shi ne shaihin malami, daga yau ma haka yake so a riƙa kiransa a aji.

Daga nan ya ce a hau jirgin ƙasa don a koyi sayen tikiti. Jirgin na tashi Dogo ya ce cikinsa na juyawa. Tafinta ya ce ya daure, yaren ne ke shiga. Jirgin ya sha kwana. Dogo ya laluba ya samu abin da ya zaci kwandon shara ne ya amayar da abincin rana, ashe hular Mai Madubi ce da ya ajiye a kan kujera. Shi Mai Madubi bai sani ba, don a lokacin ya sauka yana ƙoƙarin tsallaka titi. Sai ga wata doguwar bas ta taho gadan-gadan. Ya manta cewa bas ɗin hoto ce. Ya yi ihu ya daka tsalle gefe da iya ƙarfinsa.

Ƙarar da ta biyo baya har mai aski ya ji ta daga bakin kasuwa. Madubai uku ne suka bi juna, ɗaya na tura ɗaya. Allah ya kiyaye ba wanda ya yanke. Mai Madubi ya cire tabarau, ya dubi ƙasa, ya dubi Tafinta. Sannan ya ɗauki hularsa ya kifa a ka.

Abin da ya faɗa bayan haka ba Sinanci ba ne, kuma bai buƙaci tafinta ba.

Washegari aji ya koma barandar da ke gaban shagon Tafinta da na mai aski. Tafinta ya ce dama sararin waje ya fi, iska na taimaka wa lafazi. Mai Madubi ya so ya fasa, amma sai ya tuna jirgi, ya dawo da sabuwar hula da tsohuwar fuska.

Nan unguwa ta samu abin kallo. Kullum da yamma, sai ka ga manyan mutane huɗu, masu iyali, sun rufe fuska suna tsaye a bakin titi suna sunkuya wa bango. Tela ya daina ɗinki ya jawo kujera. Masu babur suka mai da wurin tasha. Wata mai sayar da lemo ta dawo da tirenta can, ta ce tun da take sana'a ba ta taɓa ciniki irin na makon nan ba.

Tela kan ce, "Yau ina suka je?"

Mai aski ya ce, "Asibiti, ina ji. Ga Mai Madubi can yana nuna wa turken lantarki harshensa."

Tafinta na jin su ta cikin tabarau. "Ku yi dariya. Ranar da muka hau jirgi ku ne masu ɗaukar mana jaka."

Mai aski ya ce, "Ka dai fara sauka daga kan tabarmata, Shaihi."

A sati na biyu aka yi darasin ciniki. Tafinta ya ce kowa ya zaɓi abu ya taya. Dogo ya hango kankana a wata rumfa, ya miƙa hannu biyu, sai kuwa ya ji ta a hannunsa, sumul, da ɗan ɗumi. Ya yi murna ƙwarai.

"Malam! Na'urar nan ta ci gaba, har taɓawa ake ji!"

Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa don ya ji ko ta nuna. Kankanar ta yi magana. Wani tsohon soja ne mai ritaya da mai aski ya fito da shi baranda saboda zafi, an gama masa rabin kai. Sai da mutum huɗu suka shiga tsakani, Dogo na gudu da tabarau a fuska yana cin karo da babura, tsohon soja na bin sa da kumfa a ƙeya da ƙyallen aski yana kaɗawa a wuya.

Cikin ɗaliban, Hajiya mai labule ce ta fi damun Tafinta, don ta cika tambaya. Ta zo da ɗan littafi tana rubuta duk abin da ta ji.

"Malam, jiya ka ce 'olmayeyo' na nufin ina gajiya."

"Haka ne."

"To na ga duk wanda ya faɗa, sai tsohuwar nan ta nuna masa farashi da yatsu."

"Ai gajiyar ce take ƙirga masa."

"Shekaranjiya kuma ka ce yana nufin ruwa zai sauko."

"Hajiya, kalma ɗaya a yaren nan tana da ma'ana goma sha bakwai. Ki bar gaggawa. Ni ma sai da na yi wata biyar kafin na kai ta tara."

Hajiya ta rufe littafinta. Da aka tashi ta nemi aron tabarau ɗaya, ta ce tana so ta riƙa bita da safe kafin masu saye su fara zuwa. Ya ba ta da murna, don ya huta. Daga ranar, duk safiya tana zaune a bayan kantarta tsakanin labulaye, ita da tsohuwar rumfar yadi. Tsohuwar ta ɗaga yadi ta faɗi launinsa, Hajiya ta maimaita. Ta ƙirga yatsu, Hajiya ta ƙirga. In ta yi kuskure su yi dariya tare. A aji kuwa ta daina tambaya, Tafinta ya ɗauka ta sallama.

Da sati shida suka kusa cika, Shugaba ya kira shi shagonsa. Ya ce ranar Asabar za a yi gwaji a zauren ƙungiya a gaban kowa. Kuma ya gayyato babban baƙo, wani injiniya Basine da ke da masana'antar bututu a bayan gari, wanda ake fata zai rubuta musu takardar gabatarwa zuwa ga mutanensa.

Tafinta ya ce, "Basine na gaske, ranka ya daɗe?"

"Da akwai na jabu ne? Ka ba ni wata kalma ta girmamawa in tarbe shi da ita."

Tafinta ya laluba cikin sha ɗayan nan. Akwai wadda babban injiniyan kamfani ya fi kiransa da ita, kusan kullum, da babbar murya, wani lokaci har da buga tebur.

"Ka ce masa 'ben dan'. Da ita suke kiran wanda suka fi ji da shi. Ni da ita aka san ni a kamfani."

Shugaba ya rubuta a tafin hannu. Tafinta kuwa, don ya nuna ladabi, daga ranar duk inda ya gamu da Shugaba sai ya rusuna ya ce, "Ben dan, ranka ya daɗe." Shugaba ya ɗaga masa hannu cikin jin daɗi.

A gida ya lissafa abin da kyau. Baƙo zai gaisa, shi zai ce "ni hawu", a zauna. Daga nan duk magana ta koma cikin tabarau, inda shi ke da iko. In baƙo ya yi wata doguwar magana, sai ya gyaɗa kai ya yi dariya. Ya gwada dariyar a gaban madubin banɗaki har kala uku.

Malama ta ce, "Ka je ka gaya wa Alhaji gaskiya tun da sauran lokaci."

"Wace gaskiyar?"

"Shi ke nan. Zan zo in zauna kusa da ƙofa."

Ranar Asabar zaure ya cika har tagogi. 'Yan kasuwa a gaba, tela da mai aski da masu babur a baya, har tsohon soja ya zo da kansa a aske tas. An haɗa tabarau da babbar talabijin don kowa ya ga abin da ɗalibai ke gani, ya kuma ji. Baƙo ya iso, mutum mai matsakaicin tsawo da farar riga, yana murmushi.

Shugaba ya miƙe, ya leƙa tafin hannu, ya kama hannun baƙo da hannu biyu, ya ce cikin lasifika, "Ben dan! Ben dan ƙwarai da gaske!"

Murmushin baƙo ya tsaya cak. Ya dubi Shugaba, ya dubi jama'a da ke tafi, ya zauna a hankali.

Tafinta ya yi jawabin minti ashirin a kan makomar ilimi. Sannan aka sa tabarau. Talabijin ta nuna kasuwar nan mai rufi, da mutum uku, da farar agwagwa a gaba tana tafe tana rangaji. Zaure ya ɗauki dariya. Tafinta ya ce a yi shiru, rigar malamai ce.

Yau rumfar yadi cike take da mutane, duk sun juyo suna kallon agwagwa. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce, "Ori! Annyong haseyo!" Sannan ta yi wata magana.

Tafinta ya ce, "Tana yi wa Shugaba barka da zuwa. Ta ce labarin tayil ɗinsa ya iso har can."

Shugaba ya gyara zama. Aka yi tafi.

Dogo ya matsa ya jero abin da aka koya masa, Mai Madubi ya ɗora nasa. Tsohuwar ta karkata kai, ta dubi Hajiya kamar mai neman agaji. Sai Hajiya ta gaishe ta, ta ɗaga wani shuɗin yadi ta tambayi farashi. Tsohuwar ta faɗa. Hajiya ta kama baki ta ce ya yi tsada, a rage. Suka yi ta ja, suna dariya, magana na bin magana ba tangarɗa. Tafinta da kansa ya saki baki, amma ya yi maza ya ce, "Kun ga aikina."

Shugaba ya juya wurin baƙo, fuska cike da alfahari. Ya ce wa Tafinta, "Tambaye shi, yaya ya ji Sinancin ɗalibanmu?"

Tafinta ya ɗage tabarau zuwa goshi, ya buɗe baki, ya shirya dariya kala ta biyu. Baƙo ya riga shi.

"Alhaji, ba sai an fassara ba. Shekarata goma sha biyu a garin nan."

Da Hausa ya faɗa, tsaf, har da ɗan jan murya irin na 'yan kasuwa. Wani a baya ya ce, "Kai!"

Baƙo ya nuna talabijin. "Hajiya ta yi ƙoƙari sosai. Amma don Allah, wane ne ya ce muku wannan Sinanci ne?"

Shugaba ya ce, "Ba shi ba ne?"

"Yaren Koriya ne. Maƙwabtanmu ne, amma ni ko kalma biyar ban sani ba a ciki."

Tafinta ya ce, "Karin harshen kudu ne, ranka ya daɗe."

"Ni ɗan kudu ne."

"To na can ƙasa sosai."

"Can ƙasa sosai teku ne, malam."

Hajiya ta cire tabarau a hankali. "Koriya? Ni da na bar kantata sati huɗu ina haddar launuka? Malam, ashe ba ma ƙasar ka kai mu ba?"

Dogo ya ce, "Ni fa har amai na yi a jirgin mutanen."

Mai Madubi ya ce, "Madubaina uku! A titin ƙasar da ba za ni ba!"

Mai aski ya ɗaga murya daga baya. "Hajiya, tunda kin iya, me tsohuwar ta ce game da tayil ɗin Shugaba?"

"Ba ta ambaci tayil ba. Cewa ta yi agwagwa ta iso, kowa ya matso."

"To 'ori' fa, shaihin malami?"

"Agwagwa. Tun sati na uku ta nuna mini su a bakin tafki. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Tela ya faɗo daga kan benci. Tsohon soja na dariya yana buga sanda a ƙasa. Shugaba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya buɗe tafin hannunsa yana kallon rubutun da gumi ya fara wankewa.

"Yallaɓai, wannan da na tarbe ka da ita fa? Ita ma ta Koriya ce?"

Baƙo ya yi ɗan tari. "A'a, wannan tamu ce. Kuma ka faɗe ta daidai."

Tafinta ya yi farat ya ce, "Kun ji ko! Daidai!"

"Me take nufi?"

Baƙo ya so ya kauce, Shugaba ya nace. Baƙo ya sunkuya ya raɗa masa a kunne, ya manta lasifika na gaban Shugaba. Kalmar ta fito ta kowace kusurwa ta zauren.

"Wawa."

Shugaba ya miƙe tsaye a hankali. Ya fara ba baƙo haƙuri, baƙo ya ce ba komai, ya gane tun da ya ga agwagwa. Sannan Shugaba ya juyo wurin Tafinta.

"Kwana biyar kana rusuna mini a tsakiyar kasuwa kana ce mini wawa, ina ɗaga maka hannu."

"Ranka ya daɗe, ni ma wata bakwai ana ce mini ina amsawa."

Ya ja da baya, tabarau ya zamo daga goshi ya rufe masa ido. Zaure ya ɓace, ga kasuwar Koriya, ga hanya a buɗe. Ya kwasa a guje. A talabijin jama'a suka ga agwagwa ta miƙe wuya ta nufi ƙofar kasuwa, a zaure kuma suka ga Tafinta ya nufi teburin manyan baƙi. Shi da teburin da kwalaben lemo suka isa ƙasa tare.

Malama ce ta taso daga bakin ƙofa ta cire masa tabarau, ta kama hannunsa suka fita.

Tafiya ƙasar Sin an yi ta bayan wata biyu, da wata ɗalibar jami'a da baƙo ya haɗa su da ita. Tafinta ya yi kwana tara bai leƙa shagon aski ba. A rana ta goma, da hantsi, yana zaune a falo, Hajiya mai labule ta yi sallama da tabarau a cikin leda. Malama ta kawo mata ruwa.

"Malam, na dawo da kayanka, na sayi nawa. Kuma an ba ni saƙo. Tsohuwar nan ta ce ina agwagwa, kwana biyu shiru."

Tafinta ya kau da kai. "Ki ce mata ta yi ritaya."

"Ai ba ita kaɗai ke tambaya ba. Su duk zatonsu ba mutum ba ne, wai masu na'urar ne suka sa ta don ta ba mutane dariya. Da na ce mutum ne mai mata da 'ya'ya, sai da tsohuwar ta cire gilashi ta share hawaye. Kullum da yamma mutum kusan talatin ke taruwa a rumfarta suna jira."

Tafinta ya juyo a hankali. "Mutum nawa kika ce?"

"Kusan talatin."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya karɓi ledar daga hannunta.

"Malama, kin ji da kunnenki. Ɗalibai talatin a ƙasar Koriya, ba sa iya komai sai na zo."

Malama ta ajiye jan bironta, ta tashi ta kashe fanka.